Kada a Yanka Manaja

Ranar da abin ya faru ina tsakar gida ina tsince shinkafa, bayan la'asar, aka ce ana sallama da ni. Na yafa mayafi na leƙa ƙofar gida. Bulus ne, abokin aikin maigidana a kamfanin tukwane na Challawa, mutumin Filato, dogo mai kirki. Yana riƙe da hularsa da hannu biyu yana murɗa ta. Bai taɓa zuwa gidanmu na Dorayi shi kaɗai ba.

Muka gaisa. Ya dubi ƙasa ya ce, "Uwargida, sai haƙuri. Ya mutu."

A lokacin ina da ɗan bunsuru a can Challawa yana jinya, kullum ina jiran bayaninsa. A inda na tashi dabba ce take mutuwa, mutum rasuwa yake yi, kuma mai ladabi ba ya haɗa su. Ban san a Hausar su Bulus kalma ɗaya ce take ɗaukar kowa ba. Zuciyata ta sosu, na ce to, Allah ya mayar da alheri. Sannan na tambaye shi ko an samu an yanka shi kafin rai ya fita.

Bulus ya buɗe baki bai rufe ba.

Na ce, "Kada dai ya zama mushe. In an yanka ku raba naman a can, ni fatar kawai za a kawo mini."

Sai ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hular. Da ya zauna ne na ga abin da tsayinsa ya tare mini. Keken Malam maigidana ne jingine da bango, kwanon abincin da na ɗaure masa da safe yana nan a baya. Malam bai taɓa ba kowa kekensa ba, ko ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin da ya biyo baya ban riƙe shi da kyau ba. Matan gidan hayarmu sun ce sai da na fara dariya kafin kukan ya zo. Ina jin haka ne, don da Malam yana nan ya ji tambayar da na yi, da sai an ɗauke shi daga ƙasa saboda dariya.

Sunansa Labaran. Na rubuta, amma bakina bai taɓa faɗa ba. Shekara da shekaru in rediyo ta ce ga labaran duniya, ni sai in ce wa maƙwabta su zo an fara zancen duniya. Mai walda ne. Mutum ne mai son ya ji sabon abu a waje ya kawo gida, kuma rabin abin yakan zube a hanya kafin ya iso, sai ya cike gurbin da nasa.

Shi kuwa bunsurun, ga asalinsa. Da aka kawo ni Kano, uwata ta haɗo ni da jar akuya daga garkenta na ƙauyenmu wajen Ringim. Ta ce ita ma daga uwarta ta samu irin. Akuyar ta hayayyafa, na yi ta sayarwa ina yin hidima, ban taɓa bari irin ya yanke ba. Sai wata shekara 'ya'yan suka fara zuwa da wani ciwo. Ɗan akuya zai tashi, ƙafafun gaba suna tafiya daidai, na baya suna lilo kamar ba nasa ba ne. Wasu su faɗi, ba su ƙara tashi. Gashinsu ma ya daina ja, ya koma kamar tsohuwar tabarma. Na ba su kanwa, na jiƙa saiwa, na karɓo rubutu. Haka suka yi ta ƙarewa har ya rage tsohuwa ɗaya. Ta haifi namiji, ta shayar da shi ɗan lokaci, ita ma ta tafi. Shi kaɗai ya rage daga awakin uwata, ita kuma uwata ta riga ta rasu, garkenta ya watse a shekarun fari.

Shi ma da lilon ya tashi, amma nasa bai kayar da shi ba. Malam ya tsaya yana kallon tafiyarsa, ciki ya yi gabas ƙugu ya yi yamma, ya ce wannan ai tafiyar manajan kamfaninsu ce in zai zagaya ma'aikata. Daga ranar sunansa Manaja.

A shekarar da soja suka sauka aka yi zaɓe, wani malamin jami'a da ake kira Dakta Alhassan ya zo kamfaninsu ya ce a ƙera masa manyan farantai biyu, kowanne ya fi ɗakinmu faɗi. Kamfanin ya ba shi aron filin da ke bayansa, aka kafa ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya can nesa kusa da katanga, aka haɗa su da doguwar waya zuwa wata 'yar rumfa. Malam ne ya yi waldar ƙafafun, shi aka bari kuma yana taimaka masa. Shi bai taɓa ce musu faranti ba, daro yake cewa.

Na tambaye shi me za a dafa a ciki. Ya ce ba girki ba ne, saurare ne. Wai akwai taurarin da suke ƙara, ƙarar da kunne ba ya ji, har da rana tsaka suna yi. Daron yana tara ƙarar, wani alƙalami a rumfar yana tafiya da kansa yana zana tudu da kwari a kan takarda. Na ce to me ya sa biyu, ɗaya bai isa ba? Sai ya ajiye tuwonsa ya ce in tashi.

Ya tsayar da ni a tsakar gida, matan haya suna kallo. Ya ce in rufe ido in toshe kunne ɗaya. Ya zagaya a hankali ya tafa, ya ce in nuna inda yake. Na nuna makewayi, alhali yana bakin murhu. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce in buɗe kunnen, ya sake tafawa, na nuna shi daidai. Ya ce to shi ke nan karatun Dakta. Daro ɗaya yana ji, amma bai san takamaimai daga ina ba. In biyu ne nesa da juna, ƙarar tana riga isa wurin ɗaya da ɗan kaɗan, in an haɗa abin da suka ji sai ya zama kamar daro guda ne mai faɗin filin duka.

"Da kunnenki ɗaya yana nan Dorayi ɗayan yana Challawa," ya ce, "da kin ji abin da ake faɗa a kasuwar Makka."

Na ce ni abin da ake faɗa a ɗakin maƙwabciyata ma ya ishe ni. Ya ce ai mu ma haka muke, shi yana can yana ji, ni ina nan ina ji, kekensa ne wayar.

Ni ce na kawo shawarar a kai Manaja. Na ce tunda Allah ya kawo Dakta har bayan kamfani, kuma suna shiri, me zai hana ya duba mana shi. Malam ya ce shi ma abin yana ransa. Da safe muka sa Manaja a kwando, aka ɗaure a bayan keke, ya tafi yana kuka har kan titi.

Sai daga baya na ji yadda aka yi. Dakta Alhassan ya dubi bunsurun, ya dubi Malam, ya ce shi ba irin wannan daktan ba ne. Malam ya ce ya sani, na mutane ne, amma ai ƙafa ƙafa ce. Dakta ya ce shi ko na mutane ba ne, na taurari ne. Malam ya tambaye shi su ma suna ciwo ne? Ya ce suna tsufa dai, suna mutuwa, amma ba wanda ya taɓa warkewa a hannunsa.

Malam ya ji kunyar dawo mini da shi haka. Ya ɗaure shi a ƙafar daro na nesa inda akwai inuwa da ciyawa, ya dawo gida ya ce mini an kwantar da shi. Na tambaya ko za a kai masa abinci. Ya ce asibitin yana ciyarwa.

Shi kuwa Manaja ya samu ƙarfe mai daɗin susa. Da rana ta take sai ya jingina ƙugunsa da ƙafar daron ya yi ta goga, ya ja igiya, ya yi tunkuyi. Daron yana girgiza, alƙalamin da ke rumfa ya bar tudu da kwari ya koma zanen tafiyar kaza. Dakta ya bi waya yana dubawa, ya kwance na'ura ya mayar, ya zargi injinan kamfani. Malam yana biye da shi da akwatin kayan aiki, yana taya shi mamaki, don shi ma bai haɗa abin da bunsurun ba. Sai ranar da Dakta ya taka har ƙarshen filin da tsakar rana ya tarar da majinyacin a bakin aiki.

Malam ya ce Dakta ya sunkuya ya kwance igiyar. Sannan ya ɗauki Manaja da hannunsa ya sa a kujerar bayan motarsa, ya ce ya san inda za a kai shi.

A jikin katangarsu akwai kamfanin fata. A bayansa an yi garke, wata likitar dabbobi daga Zariya, Dakta Rahila, mutuniyar Kagoro, tana bincike a kan awaki da tumaki. Masu kamfanin ne suka nemi a duba musu, don fatun da ake kawo musu daga wasu garuruwa sun fara zuwa ba ƙwari. Ita kuma tana neman abin da ya ragu a cikin abincin dabbobin. Ta duba Manaja, ta ɗebi jininsa, ta yanki gashinsa. Bayan wani lokaci ta ce jan ƙarfe ne babu a jikinsa, tun yana ciki uwarsa ba ta samu ba.

Malam ya kawo mini wannan magana da ɗuminta. A lokacin ne ma ya faɗa mini gaskiyar asibitin farko, yana dariya, wai an yi wa Manaja canjin asibiti. Jan ƙarfe dai ina da shi, munduwar da na zo da ita gidan aure. Na ciro ta daga ƙasan adaka na ba shi. Washegari ya buɗa ta da filaya ya maƙala wa Manaja a wuya.

Dakta Rahila ta zo zagaye ta ga bunsuru da munduwa kamar amarya. Ta yi dariya har ta dafa shinge. Sannan ta zaunar da Malam ta yi masa bayani. Ta ce ba ɗaurawa ake yi ba, ci ake yi, kuma ɗan mitsitsi ne, yana cikin ciyawa in ƙasar wurin tana da shi. In ƙasar ba ta da shi, ko wani abu a cikinta yana hana jiki ɗauka, sai a haɗa shi cikin dutsen gishiri dabba ta riƙa lasa. Malam ya ce in haka ne akwai guntayen waya a kamfaninsu, zai tafasa mini buhu guda. Ta ce kada ya kuskura, in ya yi yawa kisa yake yi, musamman tumaki. Ta sa ya maimaita mata sau biyu. Munduwar ta dawo gida a aljihunsa.

Ta ce a bar mata Manaja a garken ya samu lasa. Aka huda masa kunne aka sa lamba kamar sauran. Kullum lokacin hutun rana Malam sai ya zagaya ya gan shi, ya dawo mini da bayani da yamma. Yau Manaja ya ci dusa. Yau Manaja ya tunkuyi wani rago. Yau gashin Manaja ya fara ja.

Abu ɗaya ne ya dami Malam. Garken kashi biyu ne, wasu an rataya musu dutsen lasa, wasu ba a ba su ba, don a ga bambanci. Shi a ganinsa zalunci ne, dabbobi suna kallon 'yan uwansu ta shinge suna lasa. Rannan ma'aikatan garken suka kama shi ya fasa gefen dutsen yana miƙa wa waɗanda aka hana. Dakta Rahila ta ce masa in ya ba su, aikinta na shekara ya lalace, kuma ba za a taɓa sanin maganin ba, har awakin ƙauyen matarsa. Ya ce ya gane. Ya ce amma da za ta riƙa juya musu baya in za su lasa. Ta hana shi zuwa wannan ɓangaren gaba ɗaya.

Ranar da ya rasu ma daga wurin Manaja yake. Ya dawo ta filin, ya ce wa Bulus kansa yana juyawa, ya zauna a inuwar daron. Bulus ya tafi kawo ruwa. Kafin ya dawo an gama.

Na shiga takaba. Mutane sun zo sun tafi, ɗakin ya yi girma. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne yamma. Jikina ya saba da ƙarar keke a zaure, da mutum ya shigo yana magana tun bai ajiye hula ba. Yanzu duk abin da ke faruwa a Challawa yana faruwa ne ban sani ba. Na kan ji abu a unguwa in ajiye shi a raina don in faɗa masa, sai yamma ta yi in rasa inda zan kai shi. Maganar Manaja kuwa ban manta ba, amma na ce yana hannu mai kyau, in na fita takaba na je.

Ana nan sai ga Bulus ya sake sallama. Tun ranar nan ya tsorata da Hausa. Ya je ya tambaya an gaya masa inda ya yi kuskure, sai ya ɗauki gyaran ya wuce da shi. Komai mai rai yanzu girmama shi yake yi. Na tsaya a bayan ƙofa, ya gaishe ni, ya ce ya ji wata magana a wurin masu share garke. Wai binciken ya zo ƙarshe, za a yanka dabbobin duka a ciro hantarsu, don a hanta jan ƙarfen yake taruwa, sai an auna ta ake sanin gaskiya.

"Su Manaja ma suna ciki," ya ce. "Ina tsoron kada su rasu."

Na tambaye shi yaushe. Ya ce cikin makon nan.

Na koma ɗaki na zauna. Na san ba mugunta ba ce. A wurin ma'aikatan garke akuya lamba ce, kuma wanda ya san cewa wannan lambar aro ce ba saye ba yana kabari. Ni kuma ba na fita. Na yi tunanin in aika Bulus, amma na riga na ga yadda saƙo yake zama a bakinsa. Na yi tunanin Asibi, maƙwabciyata mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfanoni, amma ita in ka ba ta magana mudu ɗaya sai ta kai buhu, kuma ba lallai taka tana ciki ba. Sai na tuna tsayuwar da aka yi da ni a tsakar gida da kunne ɗaya a toshe. Na ce bari in aika su duka biyu, kowa hanyarsa daban, Bulus wurin Dakta Rahila, Asibi wurin Dakta Alhassan. Saƙon iri ɗaya na ba su: kada a yanka Manaja, nawa ne, shi kaɗai ya rage mini daga awakin uwata, a dawo mini da shi.

Bulus ya je ƙofar kamfanin fata da kayan aikin wani kamfani a jikinsa, maigadi ya hana shi shiga. Ya ce to a isar masa da saƙo wurin Dakta. Ya gyara tsayuwa ya zaɓi kalmomi mafiya ladabi. Ya ce wata mai takaba a Dorayi ta samu labari za a yanka Manaja cikin makon nan a ciro hantarsu. Tana roƙo don Allah a bar su da ransu, a kai mata su gida, su kaɗai suka rage mata. Kalmar akuya bai sa ta ba, yana ganin rashin kunya ne.

Kamfanin fata ma yana da nasa manajan. Kafin saƙon ya kai garke ya biya ta wurin masu jima, ya biya ta ofis. Zuwa hantsi manajan ya kulle kansa a ciki ya tura kabad a bayan ƙofa. Rabin ma'aikata suna tambayar wa zai yi yankan, rabin suna tambayar wace ce matar Dorayi, don mutumin yana da iyali a Nassarawa kuma ana ganinsa kamili. Aka riƙe Bulus a ɗakin maigadi. Duk tambayar da aka yi masa sai ya ƙara ladabi, abin ya ƙara lalacewa. An ce masa ya san Manaja? Ya ce ƙwarai, marigayi ne ya kawo su a kwando.

Ita kuwa Asibi ta samu Dakta Alhassan a rumfarsa. Sunan Manaja ya faɗi a hanya. Ta ce masa matar mai walda tana kuka dare da rana, ba ci ba sha, saboda majinyacin da ya kwantar. Wai ɗan uwan uwarta ne, daga Ringim aka kawo shi, yanzu kuma an ce za a fasa shi a sayar da hantarsa Zariya. Ta ce ita ba ta son shiga maganar mutane, amma in shi ne, ya ji tsoron Allah.

Dakta ya ce mata shi majinyaci ɗaya ya taɓa yi a duniya, kuma ya ɗauka tuni an sallame shi. Ya bar alƙalaminsa yana zane, ya shiga mota, Asibi ta shiga gaba ba a gayyace ta ba.

Suka tarar da ƙofar kamfanin fata a cike. Dakta Rahila tana tsaye tana rantsuwa cewa ita dabbobi kawai take yankawa, ba ta san wata mata a Dorayi ba. Dakta Alhassan ya ja ta gefe. Ita tana da suna ba ta san na wane ne ba, shi yana da bunsuru bai san sunansa ba. Ya ce mata wanda ya kawo a motarsa. Ta ce ta karɓi awaki da yawa a shekarar nan. Ya ce na mai walda, wanda aka sa wa munduwa.

Asibi ta ce Dakta Rahila ta dafe kai. Ta tambaya ina mai waldar yake, ta kwana biyu ba ta gan shi yana yi mata fasa-ƙwaurin gishiri ba. Ta yi tafiya Zariya lokacin rasuwar, ba wanda ya gaya mata. Da aka faɗa mata ta juya ta shiga garke, ta daɗe ba ta fito ba. Shi kuwa manajan kamfanin fata sai da aka kai masa bunsurun bakin taga ya gani da idonsa kafin ya janye kabad. An ce da ya ga tafiyarsa ya tambayi wane manaja aka nufa, aka ce na maƙwabta, ya ce lallai kam.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Dakta Alhassan ya tsaya a zaure ya yi mini ta'aziyya ta bayan ƙofa. Ya ce ƙafafun da Malam ya yi wa darukan ko iskar damina ba ta motsa su ba, abu ɗaya ne ya taɓa girgiza su, ga shi nan ya kawo mini. Bulus yana bayansa yana tambaya ko su Manaja sun sha wahalar hanya.

Dakta Rahila ce ta shigo da shi, igiya a hannu ɗaya, dutsen lasa a ɗayan. Ya yi ƙiba, gashinsa ya yi ja kamar na kakarsa. Ya tsaya a tsakar gida ya dube ni, ya wuce ya sa baki a kwaryar dusar maƙwabciya. Tafiyar tana nan yadda take.

Ta zauna a tabarmata ta yi mini gaisuwa. Na ce na ɓata mata aiki. Ta ce lissafinta zai yi ɗingishi da ƙafa ɗaya, amma ta ɗebi jininsa, za ta lallaba da shi. Sannan ta gaya mini gaskiya ba ta rufe ba.

"Yaya, ƙafafun nan ba za su miƙe ba. Abin da ya lalace tun a ciki ya lalace. Amma ba gado ba ne. Ki samo masa mace, in ta ɗauki ciki ki rataya mata wannan ta yi ta lasa. 'Ya'yan za su tsaya."

Na tambaye ta yaya zan sani tun da wuri, don na gaji da sa rai ga ɗan akuya sannan ya faɗi. Ta tashi ta kamo ɗan akuyar maƙwabta da ke yawo a gidan. Ta ɗora tafin hannunta a ƙugunsa ta tura shi gefe kaɗan. Ya turje ya dawo daidai. Ta ce in ya yi haka lafiya lau ne, in kuwa ƙafafun suka harɗe to a nemi likita, na dabbobi, ta ƙara da cewa. Ta kama hannuna ta ɗora, ta sa na gwada.

Da na fita takaba Asibi ta ba ni aron akuyarta. A ƙauyenmu ta wurin uwa ake bin irin awaki, ba a lissafa bunsuru. Ni ban da zaɓi, na bi ta wurin uba, kuma ban ga wanda ya zo ya yi mini gardama ba. Ta haifi biyu, mace da namiji, jajaye. Na bar su suka sha nono suka bushe. Sannan na durƙusa na tura macen. Ta turje, ta juyo ta yi mini kuka kamar na zage ta.

Manaja ya tsufa a gidan nan, ya mutu da kansa, ban bari an sa masa wuƙa ba ko da liman ya ce asara ce. Jikokinsa ne a turke yanzu. An daɗe ba a haifi mai lilo ba, na san ba sai na duba ba. Duk da haka kowace safiya, kafin in ɗora ruwan koko, sai na bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya na ɗora musu hannu a ƙugu na tura. Sun saba, wasu ma da sun gan ni suke juyo mini da baya.